Ranar da Dakta Ladan Ya Wayar da Kan Karaye

Duk faɗin Jega babu wanda ya san sirrin cin jarrabawa kamar Dakta Ladan Tamu. Shi da kansa ya tabbatar da hakan, kuma ba a taɓa jin ya janye maganar ba. Daktancin nasa ya samo shi ne a wani taron bita na kwana uku a Birnin Kebbi, wanda ya halarci kwana biyu daga ciki. Ya dawo da jaka mai tambari, da tabarau marar magani, da sabon gyaran murya irin na manya. 'Yan tasha suka laƙaba masa Buɗe-Ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Saboda tsabar tausayin talaka, Dakta ba ya jiran gayyata. A wata sakandare a Aliero, ana saura mako biyu jarrabawa, ya karɓe darasin lissafi ya yi awa biyu yana bayani kan muhimmancin lokaci.

"Ɗalibi na ƙwarai ba ya ɓata minti guda," in ji shi. "Ni da kuke gani, ko atishawa zan yi sai na duba agogo."

Malamin lissafin ya tsaya bakin taga har alli ya jiƙe a hannunsa.

Ana nan sai ga gayyata ta gaske, ta farko a rayuwarsa. Malaman Maiyama za su yi taro, har ana raɗe-raɗin za a zaɓi mai ba su shawara na dindindin. Dakta ya ga sunansa a saman takardar, ya ga hatimin shugabar firamaren Karaye a ƙasa, ya ninke ta ya sa aljihu. Abin da ke tsakiya na ƙananan ma'aikata ne.

Ranar Alhamis ya isa Karaye cikin babbar riga. Ya tarar da magidanta kusan sittin a kan bencina ƙarƙashin darbejiya. Bai ko yi sallama a ofis ba, ya shige gabansu.

"Ya ku masu tarbiyyar al'umma! Abin da ke kayar da ɗalibanku guda ne: gaggawa. Ku koya musu su karanta umarni daga farko har ƙarshe kafin su taɓa biro."

Ya yi awa ɗaya da rabi. Ko motsi babu wanda ya yi. Dakta bai taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba, har ya soma tunanin irin kujerar da za a sa masa a ofis.

Can wani dattijo mai suna Ɗantani ya ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, mun jiya. To yaushe za a hwara rabon takin? Mun baro gonakinmu tun da sahe."

Daidai nan shugabar makarantar, Malama Raihanatu, ta fito. Dakta ya miƙa mata takardar yana huci. Ta duba, ta mayar masa da hannu biyu.

"Dakta, ni na rubuta ta. Taron malamai jiya anka yi shi, kuma a Maiyama. Ga shi nan a layi na biyu. Har an zaɓi wani."

Ɗantani ya gyara zama.

"Ashe ba kai ne na taki ba. To ɗan matsa, malam, ka tare muna hanyar da motar za ta shigo."