Wainar Kifi Mai Cikakkiyar Wutsiya

"Sannu da gudu, ɗan kwikwiyona. Wa ya biyo ka?"

Haka mahaifiyata, Kaka Mal-sun, ta tarbi ɗana Gi-chan ranar Lahadi da la'asar, ya shigo yana haki. Bakin titi ta aike shi ya sayo mata wainar kifi, wadda ake gasawa da siffar kifi a cusa mata jan wake mai zaƙi. Ni ina kicin ina yanka kabeji, kunnena yana falo. Tun farkon zangon karatun nan yaron ya canja mini. Abinci sai ya tsakura, in wayarsa ta yi ƙara sai ya zabura. Na tambaya har na gaji, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, Umma." Ni kuwa ba ni da haƙuri, tambaya ta biyu faɗa take komawa. Shi ya sa tsohuwa ta ce in ja bakina in bar mata shi. Su biyun ko gaisuwa ba sa yi sai da tsiya, kuma duk Lahadi tare suke kallon maimaicin wani wasan talabijin a kan yaron da ake cin zalinsa a makaranta.

"Ba wanda ya biyo ni. Ga shi, Kaka. Ki yi haƙuri na daɗe."

Ya zuge rigar sanyinsa, ya ciro ƙunshin daga ƙirjinsa, ya miƙa mata da hannu biyu, kai a ƙasa. Tsohuwa ta buɗe, ta daɗe tana kallon ciki.

"Tabɗi! Yau kifayen nan da wutsiyarsu suka iso gida? Ashe ɓeran da yake gutsure su a hanya ya mutu."

"Yana nan. Ya bar miki ne ki gwada sababbin haƙoranki, mu ga ko za su tsaya a bakin."

"Haƙoran nan sun fi fuskarka kyau. Zauna, an fara."

Suka zauna a ƙasa inda ɗumi yake, suka ja bargo ɗaya.

"Dubi wannan da suka ce ɗan aji ɗaya ne," in ji Kaka. "Wannan ai ya kusa aurar da 'ya. Ga sawun reza a haɓarsa."

"Ke ma in an sa miki rigar makaranta za ki shige. Sai dai a ce a gabanki aka gina makarantar."

"Da ni ce jarumar, tun kashin farko an gama wasan. Ludayi ɗaya zan ɗauka."

"Shi ya sa ba a ɗauke ki ba. So suke a kalla har ƙarshe a sayi kazar da suke talla. Ba ki lura ba? Duk wanda aka daka a wasan nan sai ya tafi cin soyayyar kaza yana kuka, kwalin yana kallonmu."

"Baƙin ciki kake don ba a saya maka ba. Ni dai wasan ya yi mini. Wan yaron ya dawo daga soja, ya jera mugayen a cikin ruwan sama, kowa ya durƙusa. Har tafi na yi."

"Har maƙwabta sun ji. To wanda ba shi da wa fa? Kasuwa zai je ya sayo?"

Wuƙar hannuna ta tsaya. Gi-chan shi kaɗai na haifa.

"Sai ya kira kakarsa," in ji tsohuwa.

"Ta taho tana dogara sanda, ta iso bayan an ba da hutu."

"Marar kunya. To uban masu suka, me kuma suka ɓata?"

"Mugayen. Dube su, duk 'ya'yan masu kuɗi, ga harara, ga taba a baki. Tun daga ƙofa kin san mugu ya shigo, har kiɗa ake sa masa. A ina aka taɓa ganin haka?"

"To yaya suke?"

"Kamar kowa. Su ne ma masu rusuna wa malamai har ƙasa."

"Wato ba abin da suka yi daidai? Hawayen da na zubar duk asara na yi?"

Na leƙo ta gefen ƙofa. A talabijin yaron wasan yana tsaye a ɗakin cin abinci na makaranta riƙe da tirensa, duk teburin da ya nufa sai wani ya ɗora jaka a kan kujerar da ta rage.

"Wannan," Gi-chan ya ce a hankali. "Nan sun yi daidai. Ba duka, ba jini, kiɗan ma sun kashe. Wanda ya rubuta wurin nan ya taɓa tsayuwa haka. Sauran kuwa labari aka ba shi."

"Kai wa ya ba ka labari?"

"Ido gare ni."

"Ƙafa ma gare ka, yau na gani. Da can in na aike ka bakin titi sai na yi gyangyaɗi na farka, ka dawo da waina sanyi ƙalau, ba wutsiya, ka jefo mini a cinya daga bakin ƙofa. Yau ka dawo a guje, ka ɓoye ta a ƙirji kar ta huce, har da ba ni haƙuri. Ni ban koya maka ba. Uwarka ita kanta ba ta iya ba. Wa ya hore mini kai, in je in yi masa godiya?"

Ya fara murza bakin bargon.

"Wasa ne kawai, Kaka."

"Da wa?"

"Sang-uk. Abokina ne fa. In malami ya fita sai ya rataya hannu a wuyana, ya ce tunda na fi kowa gudu in sayo musu burodi mai zafi a kantin makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Da dariya yake faɗa. In ya huce kafin in iso..."

"In ya huce fa?"

"Sai in ci abincin rana ni kaɗai. Har sai ya ce a yi mini magana."

Wayyo, zuciyata! Ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa, ga tausayi ga fushi. Na yunƙuro zan fito, tsohuwa ta ɗaga mini yatsa ɗaya ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wasa kuwa," ta ce. "To ni da kai me muke yi?"

"Tsiya."

"Na ce maka kwikwiyo, kai me kake ce mini?"

"Tsohon kunkuru."

"Na taɓa hana kowa yi maka magana?"

"Wa zai ji maganarki?"

"Yawwa. Shi abokin naka, ka taɓa aikensa? Ka taɓa ce masa kunkuru?"

Ya saki bakin bargon.

"A'a."

"To wannan ba irin namu ba ne, ɗan kwikwiyona. Mu in na zage ka ramawa kake yi, har da ƙari."

Ya goge hancinsa da hannun riga. "Kada ki gaya wa Umma. Za ta je ta ɗaga makarantar a kai, abin ya ƙaru. A wasan ma haka aka yi."

"Yanzu ka gama ce mini wasan ƙarya ne. Kuma uwarka tun ɗazu tana bayan ƙofar nan, kabejin ya kusa zama gari. Gobe mu uku za mu je. Kai za ka yi magana da bakinka, ni aikina in riƙe uwarka."

Na fito na zauna kusa da shi. Ban ce uffan ba, kuma ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba.

Tsohuwa ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. "Ka yi nasara. Durƙuson ruwan saman nan shirme ne, na janye tafina. Wurin tiren ne kaɗai gaskiya." Ta jawo rigar sanyinta da sandarta. "Wainar nan ta huce muna surutu. Aike ni."

"Kaka, ana sanyi."

"Na ce aike ni, ko ba ka iya ba?"

Ya dube ta. "To... je ki sayo mini. Mai wake. Kuma ki yi sauri."

Ina! Sai da wasan ya ƙare aka shiga labarai sannan muka ji sandarta a matakala. Ta tsaya a bakin ƙofa ta jefo masa ƙunshin a cinya. Ya buɗe. Waina sanyi ƙalau, ko ɗaya ba ta da wutsiya.

"Kin daɗe, kunkuru."

"Na daɗe," in ji Kaka tana kakkaɓe ɓurɓushi daga haɓarta, "kuma ba zan ba ka haƙuri ba. Ka ga yadda ake yi?"

Dariyar da ya yi, rabon da in ji ta tun farkon zango.