Furofesan Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwashi manyan mata biyu muka hau motar Kafanchan don mu kama wani furofesa ba. Har yau in na tuna, ji nake kamar in shige rumbun acca in ja murfi.

Ni ba mai yawo ba ce. Daga gida sai coci, in na yi nisa na je gonar citta. Karatuna a aji huɗu ya tsaya. Amma kunne kam Allah ya ba ni, in kaza ta yi ƙwai a gida na uku ni nake fara sani. (Maigidana ya ce da da kunne ake ɗaukar aikin gwamnati, da yanzu ina cin fansho.)

'Yata Rifkatu ta gama bautar ƙasa, ta dawo gida Madakiya da wata tsohuwar laftof mai ƙara kamar injin markaɗe. An yi mata baiko da Bitrus, malamin makaranta a Kauru, aure saura wata biyu. Su biyun suna da wani wasan tseren mota da suke yi ta kwamfuta, shi yana can, ita tana nan. Ni dai ihunta kawai nake ji: "Ya tsaya! Ya sake tsayawa!" Ban taɓa tambayar wa ya tsaya ba.

Wata Talata da rana ina tsince wake a bayan tagarta, na ji tana waya da ƙawarta.

"Na gaji da furofesan nan. Ya tsufa. Da mun fara wasa sai ya ɗau zafi, ya tsaya cak. Oga Emeka ya samo mini wani daga Legas, ya fi wannan ƙarfi nesa. Asabar zan je shagonsa. Amma don Allah kada Bitrus ya ji."

Tire ya suɓuce mini, kaji suka samu biki. Furofesa! Ba ma ɗaya ba, har biyu, ana canza su kamar takalmi. Yarinyar da ke jan waƙa a kwayar coci!

Mai hankali shiga ɗakin zai yi ya tambaya. Ni kuwa na haɗiye maganar har ranar Alhamis, na kai ta zumuntar mata. Da aka zo roƙon addu'a na miƙe, na gyara ɗankwali.

"Akwai wata uwa, ba zan kama suna ba. 'Yarta ta faɗa hannun wani tsohon furofesa, ga aurenta saura wata biyu. Mu sa su a addu'a."

A duk cocinmu yarinya ɗaya ce aurenta ya rage wata biyu. (Wannan lissafin sai da na zauna na yi shi.) Maman Bitrus kuwa tana layi na biyu da tulun kiɗa a cinya. Na ga hannunta ya tsaya a sama.

Ana tashi Mama Pasto ta ja mu gefe. "Maman Rifkatu, wannan ba na addu'a kaɗai ba ne. Sai mun gani da ido."

"Da ni za a je," in ji Maman Bitrus, ko kallona ba ta yi. "In gaskiya ne, babu aure. Ɗana ba zai yi takara da furofesa ba."

Nan ne na fara gane cewa auren 'yata na ɗora a bakin rijiya. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Asabar da safe Rifkatu ta rataya jaka ta fita, mu kuma muka shiga bas ta gaba. Na ɗaura zanen zumunta don mutumin ya ji tsoron Allah. Shagon yana layin masu gyaran waya, bai yi wuyar samu ba. Oga Emeka ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Muka laɓe bayan wata mai gasa masara, mu uku, kowace da ƙibarta. Sai na ji muryarsa daga ciki: "Tsohon ya fita lafiya. Bari in shafa wa sabon mai."

Ban san lokacin da na faɗa shagon ba.

"Ina yake? Ya fito! Tsoho da kai, da furfurarka da karatunka, ka rasa wadda za ka lalata sai 'yar kwaya?"

Masu sayar da caja suka bar tebur, 'yan acaba suka kashe mashin. Rifkatu ta miƙe, ta ga surukarta a bayana, ta durƙusa tana gaisuwa.

"Mama, lafiya? Wa ya mutu?"

"Kar ki raina mini hankali. Ina furofesan?"

Oga Emeka ya ɗaga tabarau. "Mama, tsohon ko sabon?"

"Yesu!" in ji Maman Bitrus, ta dafe ƙirji.

"Duka biyun!" na ce.

Ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan abu ne kore, falle, bai kai rabin biskit ba. "Ga tsohon, Mama. Sabon kuma ga shi can kwance a cikin laftof. Furosesa ne sunansa, da sa, ba da fa ba. Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan ba shi da ƙarfi, shi ya sa motar 'yarki take tsayawa a tsakiyar tsere. Ta ma yi sa'a nata na cirewa ne, na yanzu yawanci a liƙe suke zuwa, babu saki, kamar auren coci."

Layin ya fashe da dariya. Wani ɗan acaba ya leƙo yana cewa a gaishe da Furof. Mama Pasto ta juya baya tana tari, kafaɗunta na girgiza.

Rifkatu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi zanen da ke jikina, ta dubi matan biyu.

"Mama, a zumunta kika faɗa?"

Na gyaɗa kai. Kukan da ta fara, marar sauti, ya fi mini dariyar kasuwa ciwo.

Maman Bitrus ce ta ɗaga ta. "To me ya sa kika ce kada ɗana ya ji?"

"Kullum shi ke zuwa na ɗaya, Mama. So nake in ba shi mamaki."

"Shi ke nan? Oga, ɗaura mata shi da kyau. Tun yana yaro ba ya son a wuce shi, gara ya koya kafin aure."

Aure dai ya tsira, ni ce ban tsira ba. Kwana biyu Rifkatu ba ta ci tuwona ba. A na uku ta ajiye mini tsohon furosesan a kan faifai, ta ce inda na ɓata sunanta, can zan je in wanke shi.

Alhamis na sake miƙewa a gaban mata, na ɗaga abin sama kamar mai tallan magani, na yi bayani iya ganewata. Na ɗauka an gama. Sai Kaka Saratu, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta ɗaga sanda daga baya.

"To shi furofesan ya tuba?"

"Ya yi ritaya, Kaka," in ji Maman Bitrus.

Ranar ba a iya yin waƙar rufewa ba saboda dariya.

Tun daga nan, duk abin da na ji ban gane ba, sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa, mu yi maganar ni da Allah kaɗai. Shi dai bai taɓa cewa in biyo shi Kafanchan mu gani da ido ba.