Ranar da Baffa Ya Girmi Auren Iyayensa

Ba zan taɓa mantawa da washegarin wata Babbar Salla ba, ranar da na kusa sheganta limamin garinmu da bakina.

Na gama digiri, aiki bai samu ba, sai na ɗora wa kaina rubuta tarihin zuri'armu. (Wallahi ba wanda ya sa ni.) Da na zo kan auren kakana da kakata, sai na ci karo da takardu biyu. Ɗaya ta ajami ce a gafakar marigayin, gara ta cinye gefenta. Ɗayar kwafi ce daga littafin alƙali na zamanin Turawa, ga hatimi raɗau. Na juya lissafin Hijira zuwa na boko, na ga ta alƙalin ta zo bayan ta ajamin da shekara huɗu. To, ni da na yi karatu, ai hatimi zan bi. Na ce ta ajamin ruɗewar tsofaffi ce, na tura ta ƙarƙashin katifa.

Washegarin Sallar, dangi suka taru a ƙofar gidanmu can wajen Kunci, har da na Bagwai. Na miƙe da tabarau (idona lafiya lau) na karanto shekarar auren, na bi da shekarar haihuwar ɗansu na fari, Baffa Idi, wanda shi ke jan mu salla tun ban san kaina ba. Sai ƙaninsa Baffa Sule, ɗan kasuwar hatsi da lissafi ba ya wuce shi, ya ɗago kai.

"Dakata, ɗan boko. Wato Yaya ya girmi auren da shekara biyu ke nan?"

Liman ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ni kuwa maimakon in nemi wuri in zauna, sai na ji bakina ya ce, "Abin da takarda ta nuna ke nan."

Daga bayan zana Gwaggo Hanne, ƙanwar kakanmu, ta leƙo da sandarta.

"Kai, wannan yaro an yi mara ta-ido! Sau biyu aka ɗaura. Da goyon Idi kakarka ta yi yaji, a gaban alƙali aka raba su, a gabansa kuma aka yi auren kome. Ni na ɗaukar mata ƙoranta a ka, tafiya da dawowa."

Aka bushe da dariya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan ajiye tabarau. Da aka kira la'asar na sulale sahun ƙarshe, sai Baffa Idi ya waiwayo.

"Marubuci, matso. Ko har yanzu kana shakkar limamin?"

Tun daga ranar, duk takardar da na samo, kome kyan hatiminta, wurin Gwaggo nake fara kai ta, ta buga mata nata.