Nomau da Wayar Yaya Hansai

A ƙauyen Tsamiyar Dogo akwai wani gida na mutum uku: Malam Isuhu direban motar hatsi, da matarsa Hansai wadda ciwon ido ya makantar shekara tara da suka wuce, da ƙanenta Nomau. Nomau ya haura arba'in, ƙarfi gare shi kamar sa, amma duk abin da aka ce masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. In aka ce ya tsaya a bakin ƙofa, to ko ruwa ake da ƙanƙara nan za a dawo a same shi.

Malam Isuhu mutum ne mai yawo a dazukan da waya ba ta kama kira sosai, saboda haka rubutaccen saƙo yake aiko wa matarsa. Ya sa aka saita mata wayarta yadda in ta shafa, wata murya za ta karanta mata. Da Allah ya karɓi ransa a hanyar dawowa daga Funtuwa, mu da muka kai shi makwancinsa mun san bai bar dukiya ba. Abin da ya bari saƙonni ne sittin da uku a cikin wayar nan. Hansai ta shiga takaba, ba ta fita ko zaure, kullum bayan sallar azahar sai ta zauna a tabarma ta saurari biyu ko uku.

Wata rana ta ba Nomau wayar ya kai caji. Mai cajin ya ga wayar ta nemi a sabunta ta, abin da suke kira afdet, sai ya danna mata da niyyar alheri. Da aka dawo da ita, muryar ta lalace. Kalma ɗaya sai ta tsage gida uku, ana jin ƙarr-ƙarr kamar kwaɗo ya faɗa tulu. Hansai ta kara a kunne, ta juya ta, ta sake karawa, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ta ajiye ta a cinya, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Wata rana maƙwabciyarsu Malama Turai, mai koyarwa a firamare, ta leƙo gaisuwa. Ta ce sau da yawa irin wannan kashewa da kunnawa ke gyara shi, Nomau ya yi ta yi har ta daidaita. Nomau ya ɗauki wayar ya zauna gindin tsamiya tun hantsi. Ya kashe, ya kunna, ya saurara, ya kashe. Aka kira shi cin abinci ya ce bai gama aiki ba. Da la'asar batir ya mutu, ya shigo ya shaida wa yayarsa cewa ƙarar ta daina gaba ɗaya. Hansai ta ce, "Auta, ai maganar ma ta daina." Ya ce shi ma ya lura da haka.

Wata rana Malamar ta sake shigowa, ta ce kafin a kai wa mai gyara ya kamata a san ko duk saƙonnin ne ke tsagewa ko wasu, Nomau ya saurari kowanne da kyau, ya riƙe daidai abin da ya ji don ya maimaita wa mai gyaran. Nomau ya koma gindin tsamiya. Kwana goma sha ɗaya yana bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne, yana faɗa da bakinsa har da tsagewar da ƙarr-ƙarr ɗin. Mata masu zuwa rijiya suka riƙa kauce masa. Liman ya gaishe shi a hanya, Nomau ya amsa da muryar wayar, har tsohon ya tsaya ya tofa masa addu'a a ka. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce rasuwar ce ta taɓa shi.

Wata rana, ranar kasuwar Laraba, Hansai ta ɗaure wayar a ƙyalle ta damƙa masa. Ta ce ya kai wa mai gyara, amma ya ji tsoron Allah kada ta bar hannunsa, don ba ta da abin da ya fi ta. Nomau ya taka har kasuwa ya sami rumfar. Mai gyaran ya miƙo hannu, Nomau ya ƙi saki. Dole mutumin ya riƙa latsa ta tana tafin Nomau, yana tsaki. Ya duba sifika ya ce lafiyarta lau, matsalar daga sabuntawar ce, sai an yi mata flashin, a bar masa ita ya jona a kwamfuta a dawo mako mai zuwa. Nomau ya ce to shi ma a jona shi, don ba za ta bar hannunsa ba. 'Yan rumfar suka bushe da dariya, mai gyaran ya ce ya tashi ya ba masu hankali wuri. Nomau ya ɗaure abarsa ya kamo hanya.

Da ya ba da labari, Hansai ta fashe da kuka. Ta ce wannan wace irin jarrabawa ce, an aike shi gyara ya dawo da ciwo yadda ya tafi da shi. Malama Turai da ke zaune ta sa ya maimaita abin da mai gyaran ya ce. Da ta ji kalmar flashin sai ta dafa ƙirji. Ta ce wa Hansai ai flashin wanke waya yake yi tas, da Nomau ya saki hannu da yanzu babu saƙo ko ɗaya.

Hansai ta share ido da gefen mayafi ta ce, to suna nan, amma mene ne amfanin maganar da ba za ta iya ji ba?

Nomau ya ce, "Wanne kike so, Yaya? Duk na riƙe."

Ta ce na ƙarshe. Ya gyara zama ya fara, da tsagewar da komai. Ta ɗaga hannu ta ce ya cire ƙarar, ya faɗa da muryar da Allah ya ba shi. Ya cire.

"Na yi lodi, in sha Allahu gobe ina hanya. Ki sha maganinki. Kada ki yi wa Nomau faɗa a kan buhun da ruwa ya jiƙa, ni na ce ya ajiye a nan, shi kuwa ba ya saɓa magana."

Hansai ta lalubo hannunsa ta riƙe, wayar tana ciki.

Bayan mako biyu Malama Turai ta samu wata abokiyar aikinta ta nuna mata inda ake sake sauke muryar, ta gyara ta a tsakar gidan nan, ba a goge komai ba. Amma har Hansai ta fita takaba, in ta idar da azahar, ba wayar take shafawa ba. Nomau take kira, ta ce ya zo ya karanta mata saƙo na sha bakwai.