Rasuwar Wuriyar Gidan Inna Hinda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu cikin taɓo har idon sawu, iyalan marigayi Malam Gajere na nan Dungas suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar wuriyarsu, wato kafar ruwan nan da ke gindin katanga, tsakanin gidan Inna Hinda, matar marigayin, da gidan ƙanensa Baffa Zubairu. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara talatin da ɗaya, bayan an cusa mata duwatsu a baki an shafe da siminti.

An haife ta shekarar da aka raba gidan gado biyu. Malam Gajere ya samu tudu, Zubairu ya samu gangare. Sai suka huda katanga suka yi alkawari: ruwan gidan sama zai bi ta tsakar gidan ƙasa ya fita titi, mutanen sama kuma kowace bazara su sauko da fartanya su yashe hanyar, su yaɓe gindin katangar.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ruwan wanki, ruwan wanke gero, alwalar Malam, duk ta haɗiye ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Kajin gidajen biyu ta cikinta suke zumunci ko da masu su suna gaba. In an yi ruwan sama ba ta cewa komai sai "ƙulul, ƙulul," Inna Hinda kuwa da ta ji wannan sai hankalinta ya kwanta.

Ciwon ajalinta ya fara bayan rasuwar Malam, da aikin yashe ta ya faɗa wuyan ɗansa Nafi'u, ɗan kabu-kabu, wanda zama wuri ɗaya ke sa masa ƙaiƙayi. Bazara biyu yana tsakanin Mallawa da Sassumbrum. Leda da yashi suka shaƙe maƙogwaronta, baƙin ruwa ya riƙa kwana a tsakar gidan Zubairu. Da abin ya ishe shi sai ya kira mai unguwa.

"Shekara biyu ina shaƙar ɗoyinku," in ji Baffa Zubairu. "Kai yaron nan, ko ka manta yadda ake riƙe fartanya?"

Nafi'u na tsaye, motonsa na ƙugi a ƙofar gida, fasinja na jira. Ya ce, "To Baffa, kowa ya riƙe ruwansa mana! Ni ba bawan kwata ba ne."

Zubairu ya yi murmushi. "Mai unguwa, ka dai ji da kunnenka." Mai unguwa ya yanke hukunci a kan haka: a toshe wuriyar, kowa ya riƙe ruwansa.

Nafi'u ya hau moto yana murna ya sauke nauyi. Sai da ya kusa Mallawa ya tuna wane gida ne a sama. Kafin ya juyo, siminti ya fara bushewa.

Ranar Alhamis aka yi ruwan farko. Zauren gidan ya fi tsakar gida tudu, don haka ruwan ya rasa mafita, ya je ya kwanta a gindin ɗakin Inna Hinda, ɗakin ƙasa da Malam ya gina mata da hannunsa. Yanzu bangon ya tsage, har yatsa na shiga. An yi da ita ta fito, ta ce a nan aka kawo ta, daga nan za a ɗauke ta. Nafi'u ya je ya durƙusa gaban baffansa, ya cire hula. Baffa ya dafa kansa ya ce, "Ruwanka ne, ɗana. Allah ya sa masa albarka." Matarsa Yakura kuma ta taka turmi ta leƙo ta kan katanga: "Yaya Hinda, barka da ruwa! Bana sai shinkafa ke nan."

Marigayiya ta bar kwaɗi da ba su ƙirguwa, da sauro jikoki da tattaɓa-kunne, da kaji marayu da ke zuwa suna caccakar siminti, da tsohuwa guda mai taurin kai, da Nafi'u, wanda ya koyi riƙe fartanya bayan ba inda za a yashe.

Babu wanka, babu likkafani, domin wanda ya kashe ta ya riga ya binne ta. Za a yi zaman makoki a tsakar gidan Inna Hinda duk ranar da hadari ya haɗo, har damina ta ƙare ko ɗakin ya faɗi. Kada a zo da goro. Maza su naɗe wando, mata su ɗaure zane, kowa ya riƙo bokitinsa. Iyalai sun bincika: hukuncin mai unguwa ya hana ruwa bi ta ƙarƙashin katanga, bai ce komai ba game da samanta. Ana roƙon masu ta'aziyya su riƙa watsawa daidai inda suka ga hayaƙi na tashi, a nan Yakura take girki.