Yadda Za Ka Zama Jarumin Girkawa a Falon Gidanka

Kai maigida, in ka gaji da jin "don me?" a gidanka, ga magani sha yanzu. Malam Lurwanu na unguwar Bani Harisa a nan Madina ya gwada shi daki-daki, kuma ya ga sakamako tun kafin magariba. Kai ma za ka gani.

1. Nemo hujja daga nesa

Kada ka wahalar da kanka da karatu. Shi Lurwanu 'yarsa Sundus ce ta yi masa. Ta gama jami'a da bincike a kan mata a tsoffin waƙoƙin yaƙi na Girkawa. Tana ba shi labari ranta a ɓace, cewa a can mace ganima ce, ana raba ta tare da tukwane da dawakai, shi kuwa sai murmushi yake yi. "Ashe mutanen nan sun san abin da suke yi," in ji shi. Ta kawo ƙorafi, ya ɗauke shi tsarin mulki. Haka ake cin moriyar ilimi.

2. Samo abin da za ka hana

An kira Sundus Jidda, ganawar ɗaukar aikin koyarwa, washegari da safe. Ta daɗe tana jiran kiran nan. Kada ka ce a'a kai tsaye, wannan aikin ƙananan mutane ne. Ka ce, "Sai maza sun zauna."

3. Tara majalisa

A waƙoƙin can maza ne ke taruwa su yi ta jawabi a kan makomar mace, ita tana bayan bango. Lurwanu ya kira ƙanensa Ashafa da abokinsa Zakiru mai gonar dabino a Khaibar, wanda rabonsa da Sundus tun tana rarrafe. Irinsa ake so, don sanin yarinyar ba zai rikita masa shawara ba.

4. Mayar da mace wurinta

Matarsa Tasallah ta tare shi a ƙofar falo. "Abu Sundus, yarinyar nan ta yi kuka har idonta ya kumbura. Bari in faɗi kalma ɗaya."

"Kalas, ya isa! Magana ta maza ce. Ke dai haɗa mana gahawa."

"Ɗayyib, na ji," ta ce a hankali. In ka ji haka, ka ɗauka ka ci yaƙi. Kada ka kalli fuskarta.

5. Jira ƙwanƙwasa

Ka san al'ada: mace ba ta shiga falon maza, ajiye tire take yi a ƙofa ta ƙwanƙwasa. Iyakar rabonta a zancen ke nan. Zakiru ya yi dogon bayani a kan zafin Jidda, Ashafa ya goyi bayan kowa, aka yanke cewa ba za ta je ba. Maƙogwaro ya bushe, ba a ƙwanƙwasa ba. Lurwanu ya yi gyaran murya, ya ƙara. Da ya leƙa babu tire, babu kowa a kicin, babu mota a ƙofar gida.

6. Riƙe girmanka a waya

"Muna cikin jirgin ƙasa," in ji Tasallah. "Mota na tasha."

"Wa ya ba ku izini? Mun yanke hukunci!"

Sai Sundus ta karɓi wayar. "Ma'alesh, ka yi haƙuri ya Baba. Matan waƙoƙin can ba su da lasin tuƙi, Mama kuwa tana da shi. Ka yi min addu'a, wallahi tsoro nake ji."

Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ji muryarta na rawa, tausayinta ya kama shi. "Allah ya ba da sa'a," ya ce ƙasa-ƙasa, don kada 'yan majalisa su ji. "Ba ni uwarki. Tasallah, ina kike ajiye garin gahawa?"

Ya dafa yadda ya iya, ya ajiye tire a ƙofar falo, ya ƙwanƙwasa da kansa, ya ɗan jira, sannan ya ɗauka ya shiga. Zakiru ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Ka ga abin da nake faɗa? Ko gahawa ba su iya ba, balle Jidda."

Lurwanu ya shanye nasa, ya tattara kofunan.

Gargaɗi: Babu ruwana da ƙunar yatsa, ɗacin gahawa, ko wanke kofuna. In abu ya ɓaci, ka je ka tuhumi Girkawa, su sun mutu tuntuni.