Makullin Injin Baba Ɗanladi

Tun da Baba Ɗanladi ya rasu, injinsa na huda ƙarfe yake tsaye a barandar gidansu a Trikania, tsohon kaya da ya sayo lokacin da masaƙar da yake wa aiki ta rufe. Jikansa Benson ya kwashe damina guda yana kankare tsatsa da kananzir da samfefa, ya sa sabon bel, ya liƙa masa fitilar keke napep, ya shafe shi da koren fenti. Inji ya tashi. Saura ɗan makullin nan mai haƙora da ake ɗaure bakin huji da shi. Gobe Tony mai walda zai kawo ƙarafan ƙofa, aikin Benson na farko, in kuwa babu makulli Tony gaba zai yi. Makullin yana wurin Kaka Edith, wadda ke zaune tana tsinke alayyafo.

"...lafiya lau, amaryata," in ji Benson yana durƙuso. "Ya gwiwa?"

"Gwiwa ta fi aljihunka lafiya. Ji miji! Ya shigo ko ƙullin gishiri babu."

"Gishirin me, ke da likita ya hana? Lafiyarki nake tattali. Ki ba ni makullin nan mana."

"Wane makulli? Na aljanna?"

"Na inji, Kaka. Kin sani sarai."

Ta ɗaga kai ta ƙare wa injin kallo. "Wannan ne inji? Na ɗauka mai keke ne ya yi fakin a barandata. Kakanka ya bar abu baƙi mai kwarjini, ka mai da shi kamar ɗan rawa."

"Da ba don ke ba da tuni na gama! Wa ya ce ki riƙa shafa masa manja?"

"Duk Kirsimeti nake shafa masa, yadda nake shafa wa jikokina."

"Shi ya sa ɓeraye suka cinye bel! Tururuwa kuwa coci suka buɗe a ciki, har da mawaƙa da masu karɓar baiko."

"To da ban shafa ba fa? Da yanzu garin tsatsa kake sharewa, mara godiya. Ni gobe ma 'yan gwangwan zan kira su auna shi, su auna ka a haɗa."

"Ni ba za su iya ɗaga ni ba."

"Kai? Ai a leda za su saka ka, gyara."

Benson ya yi dariya. Amma ya riga ya zaga kasuwar Panteka, babu makullin da ya shiga bakin tsohon injin nan. Sai ya miƙe ya kaɗe wando.

"Shi ke nan. Aure ya mutu. Zan koma wajen Mama Ruth ta maƙwabta, ita keken ɗinki gare ta, ga haƙora cikakku."

"Haƙoran da take cirewa ta jiƙa a kofi? Je ka, Allah ya ba da zaman lafiya. Ka ce ta huda maka ƙarfen Tony da allura."

"Haba amarya, wasa nake! Kin fi ta komai. Ko a zumuntan mata muryarki ce ke fara tashi."

"Ita ce kuma ke ƙarshen sauka, faɗi gaskiya."

Ta ture faranti, ta shiga kicin, ta fito da wata tsohuwar tukunyar dalma ta dire a gabansa.

"Ka ga wannan? Tun kana rarrafe kakanka ya ce zai huda mini gindinta in samu madambaci. Kullum gobe. Ya huda wa duk Kakuri ƙarfe, ni ko huji ɗaya. Har ya tafi, aron madambaci nake."

Benson ya ɗauki tukunyar, ya juya ta.

"Kafin ƙarfen Tony," in ji ta, "tukunyata."

"Yau ɗin nan, Kaka. In aka ɗauke wuta, da haƙori zan huda."

Ta kwashe da dariya, ta kwance haɓar zaninta. Ga makullin nan, ya yi sumul don daɗewa a ƙulle. Ta ɗan riƙe shi kaɗan, sannan ta danƙa masa a tafin hannu.

"Ungo. Mijin farko ya ci dambun aro har ya gaji. Bari mu ga abin da na biyu zai taɓuka."